Daga Filin Sukuwa zuwa Onikan: yadda ƙwallon Legas ta girma a gidan haya

Duk wanda ya saba sauka a tashar Obalende ya san hanyar. Ka fito daga hayaniyar kwandastoci da hayaƙin danfo, ka miƙe da ƙafa wajen Onikan, kafin ka yi tafiyar kwata za ka tsinci kanka tsakanin filaye biyu. Ɗaya shi ne Dandalin Tafawa Ɓalewa, wanda kowa ke kira TBS, mai gumakan fararen dawakai sun ɗaga ƙafa a saman ƙofa. Ɗayan yana kusurwarsa ta wajen ruwa, filin ƙwallo na Onikan, wanda a takarda sunansa yanzu Mobolaji Johnson Arena, ko da yake in ka faɗa wa direba haka sai ya tsaya yana kallonka.

Akwai wani dattijo da muke haɗuwa a teburin mai shayi a Obalende. Jirgin ƙasa ne ya kawo shi daga Kano yana ɗan saurayi, zamanin Gawon, kuma har yau Ikko yake cewa, bakinsa bai taɓa sabawa da Legas ba. Wata ranar Lahadi ya ga ina gaggawar kurɓe shayi, ya tambaye ni ina zuwa. Na ce, "Baba, Onikan za ni, Ikorodu City ke wasa a gida." Ya ajiye kofinsa ya dube ni. "Gida? Gidan wa? Kai yaro, tun ban fara aske gemu ba nake ganin masu gida a filin nan. Kowa ya zo ya shimfiɗa tabarmarsa, in lokaci ya yi ya naɗe ya ƙara gaba." Na ce, "To ai ku kun ga jiya, Baba." Ya ce, "Na ga jiya, na ga shekaranjiya. Je ka, kada a fara babu kai."

Maganar tabarmar nan ta daɗe tana yi mini yawo a kai, don ita ce tarihin ƙwallon Legas a dunƙule. Birnin da ya haifi gasar kofi mafi daɗewa a ƙasar nan, birnin da kuɗi ke kwana suna tashi a cikinsa, kusan duk manyan kulob-kulob ɗinsa a filin wani suka yi rayuwa suka mutu. Kafin a gane dalili, sai an koma ga filin farko, na dawakai.

TBS na yau shi ne Filin Sukuwa na da. A 1859 Oba Dosunmu ya ba Turawa wannan fili, shekara biyu kafin su karɓe Legas ɗin gaba ɗaya a 1861. Sun yi shi ne don tseren dawaki, amma da'irar sukuwa tana barin wani makeken fili a tsakiyarta, kuma a nan aka yanka wurin kurket da wurin ƙwallo. Nan ake faretin ranar Daular Ingila, nan 'yan makaranta ke jeruwa a rana, nan gwamna ke duba sojoji. Makarantar King's College da aka buɗe a 1909 tana bakin filin. A Filin Sukuwar ne aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore daren 1 ga Oktoba 1960, a nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabin karɓar mulki. A 1972 gwamnatin Gawon ta zuba kankare a wurin ta mai da shi dandalin fareti, dawakai suka koma gumaka a ƙofa. Har yau aikin da yake yi ke nan, wato filin taron gari: baje kolin Legas na ƙasa da ƙasa da ake yi duk watan Nuwamba, gangamin 'yan siyasa, taron masu wa'azi, bikin gargajiya na Eyo in ya kama. Kurket ya tsira da ɗan filinsa a gefe. Ƙwallo kuwa tuni ta tsallaka titi.

Ba a Legas kaɗai haka ta faru ba. A wurare da dama da Ingilishi suka taka, ƙwallo ta fara ne a matsayin baƙuwa a filin da aka tanada don wani abu dabam, filin sukuwa ko filin nunin amfanin gona da dabbobi. Dalilin a fili yake in ka sa kanka a matsayin sakataren ƙaramin kulob shekara ɗari da suka wuce. Ba ka da kuɗin sayen fuloti. Kana neman wuri shimfiɗaɗɗe, kusa da gari yadda ma'aikaci zai taka da ƙafa bayan an tashi aiki, mai rumfa ko da ɗaya ce don manyan baƙi. Abin da ya fi duka muhimmanci, kana neman wuri mai shinge da ƙofa. Filin da ba shi da shinge ba a karɓar kuɗin shiga a cikinsa, kowa ɗan kallo ne kyauta, kuma kulob ɗin da ba ya karɓar kuɗin ƙofa ko rigunan 'yan wasa ba zai iya wankewa ba. Su kuma masu filin nuni, bikinsu na kwana biyu ne ko mako guda a shekara, sauran watannin ciyawa ce ke cin filin. In an samu wanda zai biya haya ya riƙa yanke ciyawar, ai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Mu ma mun san irin wannan a gida. Filin Idi sau biyu ake cika shi a shekara, sauran kwanakin yaran unguwa ne ke kafa duwatsu biyu su ce raga. Kano na da Filin Sukuwarta, Kaduna na da Dandalin Murtala, kuma duk wanda ya tashi a garuruwan nan ya san ƙafafu nawa suka koyi tamaula a wurin. Sai dai ranar da mai fili ya tashi bukatarsa, ba a ko sallamar masu ƙwallo.

Filin Onikan an gina shi a 1930, shi ne mafi tsufa a Najeriya. A 1936, shekarar da Sarkin Ingila Joji na Biyar ya mutu, aka sa masa sunansa. Daga 1963 zuwa 1973 ana kiransa filin wasa na Birnin Legas, shi ya sa Baba har gobe "Siti" yake ce masa. Daga nan ya koma Onikan, sunan unguwar. A 2019, bayan an rushe shi an sake ginawa, aka ba shi sunan Mobolaji Johnson, gwamnan soja na farko na Jihar Legas, wanda ya rasu a shekarar. Suna huɗu, kuma ka lura babu ko ɗaya da ya fito daga ƙwallo ko daga wani kulob. Sarki, birni, unguwa, gwamna. Sunayen kaɗai sun isa su gaya maka mai filin.

Amma fa an yi wasa a wurin nan. A 1945 aka fara Kofin Gwamna, zamanin Gwamna Arthur Richards, kuma Marine ce ta fara ɗauka bayan ta ci Corinthians ɗaya da nema. Wannan kofin ne ya riƙa sauya suna, ya zama Kofin Ƙalubale, yau ana ce masa Kofin Shugaban Ƙasa. Shekarun farko na 'yan Legas ne zalla, su ke yi su ke ci, musamman Railways ta ma'aikatan jirgin ƙasa. Zamanin su Teslim Balogun ke nan, wanda ake wa kirari da aradu saboda ƙarfin bugunsa, yana cikin tawagar da ta je Ingila a 1949 ta yi wasa mafi yawanta ba takalmi.

Abin da ya kamata kowane ɗan Arewa mai son ƙwallo ya riƙe shi ne 1953. A shekarar ce zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka zo Legas suka ci Dynamos biyu da ɗaya a wasan ƙarshe, suka zama na farko da suka fitar da kofin daga birnin. Wasu in suna ba da labarin sai su ce Kano Pillars ce, alhali Pillars sai a 1990 aka kafa ta. Sai da aka shekara 66 kafin kofin ya sake komawa Kano, lokacin da Pillars ta ci Niger Tornadoes a bugun fenariti a Kaduna a 2019. Ina yawan ƙiyasta yadda Obalende ta kasance a daren 1953 ɗin. Unguwa ce da Hausawa suka daɗe a cikinta, tushensu na komawa ga sojojin Hausa da Gwamna Glover ya fara tarawa a 1863, kuma daga can zuwa bakin filin tafiyar ƙafa ce.

A filin nan Pele ya buga wasa a Janairun 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, lokacin da Santos ta Barazil ta yi biyu da biyu da Green Eagles, sunan tawagar Najeriya a lokacin. Labarin da ake yawan bayarwa cewa an tsagaita wuta don a kalle shi, masu bin diddigin tarihi sun daɗe suna musanta shi, amma zuwansa dai ya zo. A nan kuma Mighty Jets ta Jos ta farke ƙwallo biyu a mintunan ƙarshe a wasan ƙarshe na 1972 da Bendel Insurance, aka tashi biyu da biyu, aka kai maimaicin Ibadan inda Bendel ta yi nasara. A nan aka ƙaddamar da gasar ƙwararru ta ƙasa a watan Mayun 1990.

In ana maganar kulob ɗin da Onikan ya zama masa kamar gida na gaskiya, Stationery Stores ce. Israel Adebajo, ɗan kasuwa mai sayar da kayan rubutu da na ofis, shi ya kafa ta a 1958. Ta ci kofi a 1967 da 1968, ta sake ci a 1982 da 1990, ta ɗauki gasar ƙasa a 1992, ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1981 inda Union Douala ta Kamaru ta doke ta. Tawagar Najeriya da ta yi uku da uku da Barazil a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, yawancinta 'yan Stores ne. Haruna Ilerika ya yi suna a cikinta, Peter Rufai ya tsare mata raga. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne magoya bayanta. Railways ta 'yan reluwe ce, ECN da ta koma NEPA ta 'yan lantarki ce, ACB da First Bank na banki ne, Julius Berger ta kamfanin gine-gine ce. Stores kuwa ta 'yan gari ce, 'yan Isale Eko da 'yan kasuwa da 'yan tasha, waɗanda ba albashi ya haɗa su da ita ba. Baba ya ce ranar da Stores ke wasa, mai hankali ba ya sa fararen kaya ya bi ta Onikan, kuma baƙon kulob in ya ci su, sai ya san ta ƙofar da zai fita.

Duk da wannan soyayya, ko taku ɗaya na filin ba nata ba ne. Da saɓani ya shiga kan mallakar kulob ɗin a shekarun 1990, ta faɗo daga babbar gasa, kuma duk yunƙurin da aka yi na tayar da ita bai mai da ita inda take ba. A nan nake ganin bambancin mai gida da ɗan haya. Kulob ɗin da ke da filinsa, in ya faɗi, akwai abin da ya rage a ƙasa: katanga, ƙofa, shaguna, wurin da tsoho zai kawo jikansa ya nuna masa inda yake zama. Ko ba a cin wasa, ana iya taruwa a wurin a yi shawarar yadda za a tashi. Wanda ba shi da fili, ranar da aka daina biyan 'yan wasa, abin da ya rage sai kofuna a kabad ɗin wani da waƙoƙi a bakin tsofaffi. Kulob-kulob ɗin ma'aikatu kuwa nasu ya fi sauƙin mutuwa, don numfashinsu na hannun hukumar gudanarwa. An sauya manaja, ko riba ta ja baya, sai a ja layi a kan sunan kulob a kasafin kuɗi. Julius Berger ta ci gasar ƙasa a 1991 da 2000, amma haka ba ta hana kamfanin zare hannunsa daga baya ba.

Akwai wani ƙaramin gari a yammacin ƙasar Ayalan, sunansa Sligo, da ya bi wata hanya dabam, kuma na kawo shi ne don labarinsa ya fara daidai inda namu ya fara. Kulob ɗin garin, Sligo Rovers, an kafa shi a 1928, kuma tun ranar farko a filin nunin amfanin gona na yankin yake wasa, filin da manoma ke kawo shanu da dawakai a gwada na wa ya fi. Har yau sunan filin Showgrounds, ma'ana filin nuni. Irin wannan suna na nan a Ballymena da Coleraine a arewacin tsibirin, duk asali ɗaya. Shekara arba'in Rovers na zaman haya. A 1968 aka sayi filin aka damƙa shi a hannun amintattu a madadin mutanen garin, da sharaɗin ba za a sayar da shi ba, ba za a jinginar da shi ba. Mu da muka san waƙafi ba sai an yi mana dogon bayani ba, kusan shi ke nan: dukiya ce da aka tsayar da asalinta, ake cin amfaninta. Rovers ba wani babban kulob ba ne. Sau uku ya ci gasar ƙasarsu, 1937 da 1977 da 2012, kuma ya sha shiga matsin kuɗi, magoya baya suna karo-karo suna fitar da shi. Amma ko wane irin bashi ya hau kansa, mai bin bashin ba shi da ikon taɓa filin, ko wane shugaba aka yi, ba shi da ikon kai takardar banki. Garin da mutanensa ba su kai na unguwa ɗaya a Agege ba ya riƙe kulob ɗinsa a wuri guda kusan shekara ɗari.

Kada a ɗauka zaman haya ciwon talaka ne kawai. Masu kallon ƙwallon Ingila za su tuna Coventry City, wadda rigimar haya ta kore ta daga garinta zuwa Northampton a 2013, ta sake kore ta zuwa Birmingham a 2019. A Sidni ta Ostareliya akwai kulob ɗin irin tasu ƙwallon da ke wasa a filin nunin birnin, kuma duk shekara in bikin nunin Ista ya zo, sai ya kwashe kayansa ya ba shanu da tumaki wuri na wasu makonni. Zanen aro dai ko na alharini ne ba ya rufe katara.

Me ɗan haya ke rasawa? Na farko kalanda. Mai fili yana duba wanda zai fi biya, kuma a Legas daren mawaƙi guda a watan Disamba, ko gangamin jam'iyya ana gab da zaɓe, yana iya kawo abin da wasanni da yawa ba su kawo ba. Wa zai ga laifinsa? Na biyu ƙasar filin kanta. A kafa dandamali, a jera kujeru, dubban ƙafafu su kwana suna rawa a kan ciyawa, gobe a ce a buga ƙwallo. Wannan na cikin abin da ya sa ake komawa ciyawar roba, irin wadda ke Onikan yanzu, don tana jure taro da ruwan saman Legas. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a kanta da ƙarfe huɗu na yamma a watan Maris ya san yadda take dafa tafin ƙafa, kuma 'yan wasa na kukan gwiwa da ƙujewar fata. Na uku kuɗin da ke kewaye da wasan, wanda sau da yawa ya fi na tikiti: shaguna, wurin ajiye motoci, allunan talla, sunan filin kansa. Ɗan haya yana tara jama'a, mai gida na cin kasuwar.

Na ga ƙaramin misalin wannan da idona. Akwai ƙungiyar yaran unguwarmu, yawancinsu 'ya'yan masu facin taya da masu sayar da gwari, da suke atisaye a wani fili kowace Asabar da safe, suna ɗan ba mai gadi na goro. Wata Asabar suka iso da ƙwallonsu a cikin buhu, sun sha sabbin riguna don suna da wasan sada zumunci da wata ƙungiya daga Mile 12. Suka tarar an kafa rumfuna tun dare daga wannan raga zuwa waccan, ana sauke fararen kujeru daga mota, mata sun ɗora manyan tukwane a daidai wurin bugun kwana, an ɗaure sa a jikin turken raga. Bikin binne wata tsohuwa ne, an biya kuɗin fili tun wata biyu. Kocinsu ya je wajen mai gadi ya ce, "Haba Malam, ko waya ai ka yi mana." Mai gadi ya buɗe hannuwa ya ce, "Ni ma da asuba na gani, ɗan'uwa." Baƙi suka iso a cikin motar haya da suka yi karo-karo suka ɗauka. Aka tsaya cirko-cirko, daga baya aka sayi ruwan leda aka raba, kowa ya kama gabansa.

Wani zai ce ai Legas ba ta rasa filaye ba, kuma gaskiya ne. Babban filin ƙasa na Surulere ya karɓi wasannin Afirka na 1973, a nan Najeriya ta ci Aljeriya uku da nema a 1980 Shehu Shagari ya miƙa kofi, a nan Kamaru ta sa mu kuka a bugun fenariti a 2000. Da gwamnati ta koma Abuja, aka gina sabon fili a can a 2003, sai aka bar na Surulere yana lalacewa, har ya fi suna da wuraren shaƙatawa na dare. Filin Teslim Balogun da ke fuskantarsa an fara shi a 1984, ba a gama ba sai 2007. Na Agege, a tsakiyar 'yan'uwanmu, shi ya ɗauki kulob ɗin MFM lokacin da ta zo ta biyu a gasar 2017, kuma waɗanda suka shaida ranakun nan sun san yadda ƙaramin fili ke rikiɗewa in unguwa ta karɓi kulob a matsayin nata. MFM ta faɗi a 2022, filin ya koma jiran wani. Duk waɗannan na gwamnati ne, ta tarayya ko ta jiha. Ana gyara su in babbar gasa ta matso, ana rufe su in gyara ya tashi, kuma wanda ke ciki sai ya nemi inda zai raɓa.

Me zai hana kulob ya sayi nasa? Sai ka tambayi kuɗin fuloti a Ikoyi ko Lekki, ka lissafa fuloti nawa fili mai ɗaukar mutum dubu goma zai ci, da wurin motoci. Ka haɗa da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da ta damƙa ƙasar birane a hannun gwamna, yadda ko ka saya sai da sa hannunsa. Sannan ka tuna abokin hamayyar da ya fi kowa ƙarfi, gidan kallo. Matashin da zai biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya zauna a benci a unguwarsu ya kalli Arsenal da Chelsea, da wuya ka shawo kansa ya shiga cunkoson gadar Third Mainland don ya kalli wasan gida. Attajirin da ke da wannan fili a Legas, lissafinsa zai gaya masa ya gina benaye ko wurin biki.

Wanda ya warware wannan lissafi, sai da ya bar garin. Kunle Soname ya fara kulob ɗinsa a Legas a 2004, daga baya ya mai da shi mahaifarsa a Jihar Ogun da sunan Remo Stars, ya gina masa fili da makarantar horar da yara a Ikenne. A 2025 Remo Stars ta ci gasar ƙasa karo na farko. Ba na cewa fili ne ya ci musu kofi, ƙafafu ne suka ci. Amma yaron da ke kwana ya tashi a wuri ɗaya, yana atisaye a filin da zai buga wasa, kocin da ba ya jiran izinin wani ofis kafin ya sa lokacin horo, suna da wata natsuwa da ɗan haya bai san da ita ba.

A cikin Legas kuwa ana ta shimfiɗa tabarmi. Sporting Lagos, wadda Shola Akinlade na kamfanin Paystack ya kafa a 2022, ta hau babbar gasa a 2023 ta zauna a Onikan, ta zo da kiɗa da tsari da ya jawo matasa da iyalai irin waɗanda da ba sa zuwa kallo, sai ta faɗi bayan kaka ɗaya. Ikorodu City ta hauro a 2024 ta karɓi wurin, ta ba kowa mamaki ta ƙare a ta huɗu. Sai dai ka duba sunanta ka duba taswira. Mai goyon bayanta na asali, in zai je wasan "gida", sai ya hau doguwar bas ta BRT ko jirgin ruwa ya ratsa tafkin Legas, ya dawo da dare. Filin ya yi kyau yanzu, ba a musu, yana ɗaukar kimanin mutum dubu goma, kujeru sun matso kusa da 'yan wasa, iskar ruwa na shigowa da yamma, ga gidan tarihi na ƙasa da cibiyar kiɗa ta MUSON a maƙwabta. An yi gasar Kofin Aisha Buhari ta mata a nan a 2021, an yi zagayen ƙarshe na gasar ƙasa a 2023 inda Enyimba ta ɗauka.

A ƙarshen watan Yunin 2024 kofin da Kano ta ɗauka a 1953 ya dawo wasan ƙarshe a wannan fili, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Abia Warriors. Ranar na lallaɓi Baba ya bi ni, bayan ya yi shekaru bai leƙa ba. Muka taka a hankali daga Obalende, yana dogara sanda, yana nuna mini inda kaza yake da, inda ake ɗaure kekuna, inda yara ke hawa bishiya su yi kallon kyauta. Da muka shiga ya daɗe yana waige-waige, ya kasa gane ɓangaren da yake zama. Gefenmu duk huluna ne zanna bukar da kube, 'yan Barno na Legas sun fito kwansu da kwarkwata, masu canji da masu shayi da masu gadi da suka bar wani a bakin ƙofa. El-Kanemi ta ci biyu da nema, kofinta na farko tun 1992. Wani saurayi da ban taɓa gani ba ya rungume Baba har hularsa ta faɗi.

Da aka watse bai yarda mun tafi nan da nan ba. Ya sauka har bakin shinge, ya zura hannu ya shafa ciyawar, ya murza ta tsakanin yatsu, ya shinshina. "Roba ce ashe," in ji shi. Ma'aikata sun fara kwance dandamalin da aka miƙa kofi a kai, wani mai gadi yana kaɗa mana makullai. Baba ya gyara hularsa ya ce mu yi sauri, kada magariba ta kuɓuce mana a masallacin Obalende.